Matan Da Na Tura Gida Wanka

A gidan rediyo an koya mini ƙa'ida biyu. Ta farko, ba a sanar da mutuwa sai an tabbatar waɗanda za ta girgiza sun shirya jin ta. Ta biyu, in ka yi kuskure a iska, da bakinka za ka gyara, da irin muryar da ka yi kuskuren. Shekara goma sha ɗaya na yi ina karanta labaran rana, ƙa'idojin nan ba su taɓa karo da juna a hannuna ba. Sai da na ajiye aikin na tafi Kuala Lumpur neman digiri na uku, korona ta zo ta rufe gari, sannan na ga yadda ta farko ke iya jefa mutum cikin ta biyu.

Ina zaune a hawa na tara na wani dogon gini a gefen Kampung Baru. An rufe makarantarmu da ke Jalan Semarak, an ce kowa ya zauna a gida, mutum ɗaya ne zai fita cefane daga kowane gida. Malamin da ke duba aikina ya aiko mini da saƙo cewa wannan kulle dama ce ta rubutu wadda ba za ta sake zuwa ba. Na yarda da shi ƙwarai. Ranar nan na share ɗaki, na wanke labule, na jera takarduna bisa girma, sannan na jawo wani kwali da wadda ta zauna a ɗakin kafin ni ta bari a ƙarƙashin gado.

Littattafai ne goma sha biyu na Turanci, ƙagaggun labarai kan matan fadar sarakunan Ingila na zamanin takobi da sulke. A bangon kowanne akwai mace cikin doguwar riga mai nauyi, an yanke hoton daga haɓa, babu kai. Na ɗauka sakacin masu bugawa ne. Da na gama na biyu na gane gargaɗi ne.

Labarin kusan ɗaya ne, suna ake canzawa. 'Yar wani hakimi ce daga can ƙauye, an kawo ta fada ta yi wa sarauniya hidima. Hidimar ita ce riƙe gefen riga, ɗinki a bakin taga, da sauraren abin da bai shafe ta ba. Ta iya karatu a zamanin da ko sarki da ƙyar yake sa hannu. Haƙoranta farare tas a ƙasar da ba a san asuwaki ba. Sau biyu take wanka a shekara, amma duk namijin da ya gifta ta sai ya ji ƙamshin fure. Sarki kuwa ba shi da aiki sai yaƙi da ɗan'uwansa da jiran ɗa namiji. Na riƙa karanta su da irin rainin da mai ilimi ke karanta abin da ya kasa ajiyewa.

Ƙofar da ke kallon tawa, taku uku tsakani, ta wasu 'yan Zariya ce. Mijin ɗalibin injiniya ne, Injiniya nake kiransa tun kafin makaranta ta amince. Matar ba ta wuce ashirin da huɗu ba, tana da cikin fari wata biyar. An riga an shirya mahaifiyarta za ta zo ta yi mata wankan jego, har an ɗaure kanwa da yaji da gero a jaka, sai aka rufe iyaka. Hajiya ta zauna a Zariya da jakarta, 'yarta ta zauna a hawa na tara da cikinta.

Gidajen can ƙofa biyu gare su, ta katako a ciki, ta ƙarfe mai raga a waje. Saboda zafi mukan buɗe ta katakon mu bar ta ƙarfen. Wata rana bayan la'asar ta hango ni da littafi.

"Anti, karatun digirin ne haka har da murmushi?"

"Bincike ne," na ce.

"Binciken mace marar kai?"

Na gaya mata abin da ke ciki. Ta ce Turancin littafi barci yake sa ta, amma in zan ba ta da Hausa, ga ta ga kunne. Ta jawo kujerar roba ta zauna bayan ragarta, na zauna bayan tawa, kamar fursunoni biyu da aka yi wa alfarmar hira. Wannan kuwa sana'ata ce. A rediyo takarda takan zo da Turanci saura minti uku a shiga iska, idona na kan Turancin, bakina na fitar da Hausa, ido kullum yana gaban baki da layi biyu.

Ba a taɓa ba ni mai sauraro irinta ba. Ba ta barin kowa ya wuce.

"Anti, tsaya. Wannan sarkin ba shi da uwa ne? Ba mai ce masa kai zauna?"

"Uwar ce ta tura shi."

"To Allah ya kyauta. Ci gaba."

In jarumar ta tsaya ɗinki a taga tana tunanin wani mai doki, sai ta ce, "Ita dai wannan da an ba ta wanke-wanke da ta warke."

A mako na biyu muka iso haihuwar farko. Littafin ya bayyana yadda ake yi wa matan manya. Saura wata guda a kai mace wani ɗaki, a toshe tagogi da darduma, a hura wuta ko da rani ne, a hana kowane namiji shiga, daga ita sai mata, ba za ta fito ba sai ta yi kusan kwana arba'in da haihuwa. Maƙwabciyata ta dubi ragar ƙofarta ta dubi tawa.

"Ashe mu ma 'ya'yan sarauta ne ba mu sani ba."

Muna cikin dariya na juya shafi. Idona ya riga bakina, ya ga abin da ke zuwa: matar nan, ƙawar jaruma, mai jan gashi, zazzaɓi ya kama ta kwana uku da haihuwa, ta mutu. Na ɗaga kai na ga cikin da ke gabana, da hannun da ke kansa. Muryata ba ta yi rawa ba, an biya ni shekaru don kada ta yi. Na ce, "Bayan kwana uku sai aka shirya keken doki, aka kai ta gidan mahaifiyarta can arewa, don ta yi arba'in a hannun nata."

"Kai! Su ma suna zuwa wankan gida?"

"Ga shi kuwa," na ce.

Na kwanta ranar ina ganin na yi aikin lada. Abin da ban lissafa ba shi ne marubutan nan ba su da wata dabara ta kawar da mace daga hanya sai haihuwa. In sarki na bukatar sabuwar mata, haihuwa. In jaruma na bukatar dalilin kuka, haihuwa. In marubuciya ta gaji da wata, ta ba ta ciki a babi na huɗu ta binne ta a na tara. Ni kuwa ina tsaye a bakin hanya da keken dokina. Kafin mu gama littafi na biyar na tura mata bakwai gida. Ban maimaita hanya ba, don ina da mutuncin sana'a. Wata yayarta ce ta zo ɗaukarta, wata ta jirgin ruwa aka bi da ita, wata har da guzurin zuma na haɗa mata.

"Gida daɗi, Anti," in ji ta wata rana, tana shafa ciki. "Kin lura ba wadda ta dawo?"

Na ce na lura.

Sai aka fara raɗe-raɗin za a samu jirgi da zai kwashe 'yan ƙasarmu masu son komawa. A dandalin ɗalibai na waya kowa ya zama masani, wannan ya ce jibi, wancan ya ce an fasa, wani ya ce ƙanin abokinsa ya ga jerin sunaye. Ban kula ba, ni da ke da babi uku da ban rubuta ba da littafi bakwai da ban karanta ba.

Da safe wata Talata Injiniya ya tsaya a ƙofata da takunkumi a fuska, da ledar cefane, da ƙunshin shinkafar da ya sayo mini daga shagon abinci na ƙasa. Ya miƙo ta raga. Mutum ne mai kunya, bai taɓa yi mini magana ta wuce gaisuwa ba.

"Anti, don Allah me kike karanta mata?"

"Tarihi."

"Ta haɗa jaka. Tun shekaranjiya jakar na bakin ƙofa. Ta ce sai an sa sunanta a jirgin nan."

Ya ce cikin ya shiga wata na takwas, likita ta ce jininta ya fara hawa, kada ta yi doguwar tafiya. Ya lissafa mata awowin jirgi, da jiran da za a yi a wata ƙasa, da killacewar da za a yi musu in sun sauka, da hanyar mota har Zariya. Ta ce ta ji.

"Ta ce ko Turawa na shekara ɗari bakwai da suka wuce, da ba su san Allah yadda muka san shi ba, suna kai mace gidan uwarta. Ta ce ni da na yi boko har Malesiya na kasa abin da mai keken doki ya yi. Ta kirga mini su bakwai, Anti. Da sunayensu. Har da wadda aka ba zuma."

Na karɓi shinkafar na yi godiya. Ban ci ba sai azahar.

Bayan la'asar ta fito da kujerarta kamar kullum. Na zo da littattafan biyar, kowanne na naɗe shafin da ya kamata. Na zauna a miƙe yadda ake zama gaban makirfo.

"Kafin mu ci gaba, akwai gyara," na ce. "A karatun da ya gabata na ce an kai mata bakwai gidajen iyayensu wanka. Ba haka ba ne. Ba a kai ko ɗaya ba. A wurin haihuwa ko bayanta suka rasu. Kuskuren daga gare ni ne, da gangan na yi shi, ina neman afuwa."

Ta dube ni.

"Duka?"

"Duka."

"Har mai jan gashin?"

"Da ita na fara."

"Zumar fa?"

"Tawa ce."

Can ƙasa jirgin ƙasa ya wuce da ƙararsa, babu kowa a cikinsa.

"Shi ya sa ba su dawo ba," ta ce. "Ni kuma ina nan ina taya su murna."

Na fara bayanin da na shirya, cewa zamani ne na rashin magani, ungozomominsu ko hannu ba sa wankewa, yau ga asibiti ga likita. Duk gaskiya ne, na kuma faɗe shi da kyau. Ta ɗauki kujerarta ta shiga, ta rufe ƙofar katako. Tun da aka fara kulle ban taɓa ganin ƙofar nan a rufe da rana ba.

Kwana biyu ba ta fito ba. Injiniya ya gaya mini jakar na nan inda take. Wato na tsoratar da mai ciki da gawa bakwai a zama ɗaya, ban kuma hana ta tafiya ba. Ko a rediyo ban taɓa yin shirin da ya faɗi ta fuska biyu haka ba.

Rana ta uku ta buɗe. Ba ta kawo kujera ba, a tsaye ta riƙe raga.

"Anti, na yi tunani. Su da suka mutu, da mata a kansu suka mutu. Ke kika karanta mini, ɗaki cike, wannan na riƙe hannu, wannan na hura wuta. Ko shi ma naki ne?"

"Wannan na littafin ne."

"To ni wa ke gare ni? In na haihu na dawo ɗakin nan, wa zai dafa ruwa? Shi?" Ta nuna cikin gida da haɓa. "Mutumin da ke auna ruwan shayi da kofin gwaji? Hajiya ta ce macen da ba a yi wa wanka ba sanyi ne zai shige ta har tsufa. Ban ce na yarda ba, ban ce ban yarda ba. Amma yayyena uku duk an yi musu. Ni kaɗai ce zan tashi kamar wadda ba ta da kowa."

Aurena na shekara tara ya ƙare ban taɓa goyo ba. Wankan jego a wajena labari ne da nake jiyowa ta bayan katanga. Ina da amsoshi masu ma'ana da yawa a baki.

"Ni zan yi miki," na ce.

"Kin taɓa yi?"

"Ban taɓa ba. Ingila ma ban taɓa zuwa ba, kin kuwa ga yadda na zaga da ke."

"Wancan ai ƙarya kika yi."

"Wannan da Hajiya a waya za a yi. Ita ce edita."

Ta daɗe tana kallona, irin kallon da ake yi wa tela da ya taɓa ɓata maka ɗinki.

"Safe da yamma, kwana arba'in. Ba ranar da za ki ce kina da babi."

"Babin ya saba jira."

Da yamma na ji ana jan jaka zuwa cikin ɗaki. Jirgin ya tashi daga baya, ba da ita ba.

Ta haihu wata Alhamis da hantsi. Dokar cuta ta hana miji shiga, Injiniya ya yi awa shida a wurin ajiye motoci, ita kuwa tana ciki daga ita sai mata masu takunkumi, daidai tsarin gidan sarautar Ingila, sai dai waɗannan suna wanke hannu. Mace aka samu. A littattafaina in aka haifi mace sarki yakan fita farauta cikin fushi a soke biki. Injiniya ya bugo mini waya yana kuka, sai da na tambaye shi sau biyu kafin na gane lafiya.

An ɗan sassauta kulle a lokacin, ana iya shiga maƙwabta. Saura ganyen wanka. Wata dattijuwa Bamalayiya a hawa na takwas, Makcik muke ce mata, ta ji labari ta hau da kanta da ƙunshin ganyaye masu ƙamshi da wani dutse a naɗe cikin tsumma. Ta ce su nasu kwana arba'in da huɗu ne, ana gasa dutsen a danna wa mai jego a ciki. Na yi lissafi a zuci: Turawan da suna hura wuta a ɗaki rufe, Malayu dutse mai zafi, mu tafasasshen ruwa. Duniya ba ta taɓa haɗa baki kan komai ba sai kan cewa mace in ta haihu a dafa ta.

Na nuna wa Hajiya ganyen Makcik ta waya. Ta matso da fuska har hancinta ya cika hoton.

"Wannan ai na miya ne. Darbejiya nake so, 'yar nan. Ƙasar da ba darbejiya ƙasa ce?"

Injiniya ne ya samo ta a unguwar Masjid India, a ƙofar wani Ba'indiye mai kantin yadi da ya rataya ta don korar cuta. Mutumin ya ba shi dami guda, ya kuma nuna masa bishiyar.

Matsala ɗaya ta rage. Likita ta ce da jinin nan nata ba ruwa mai ƙuna, ba kanwa. Ni ma na sha karanta wannan gargaɗi a shirin lafiya. Hajiya kuwa ta ce ruwan da bai sa mai jego ihu ba wanke fuska ne. Na zaunar da maƙwabciyata kafin wankan farko.

"Zan sake yin gyare-gyare. Amma wannan karon ina gaya miki tun kafin a shiga iska."

Ga yadda muka yi kwana arba'in. Zan ɗora babbar tukunya, ta tafasa har tana tsalle, in kai waya bakinta Hajiya ta ga tururi ya rufe hoto. Sai in ce za a tuɓe, in juya wayar ta kalli bango saboda kunya. Sannan in sirka da ruwan famfo har sai gwiwar hannuna ta ce ya yi. In tsoma ganye in fyaɗa mata a baya, ita kuma ta ɗauki nata aikin.

"Wayyo Hajiya! Wayyo zan mutu! Anti ki ji tsoron Allah!"

"Yawwa," in ji bango. "Haka ake so. Daure, 'yata. Ƙara mata a ƙugu."

Wani lokaci sai na tsawatar mata da ido, don tana wuce gona da iri, ranar nan har Makcik ta hauro a guje. Kunun kuma na geron kanti ne zalla, kanwar tana cikin jaka a Zariya inda ba ta cutar da kowa. Hannuwana suka yi kanta, bayana ya riƙe, ɗakina ya koma warin darbejiya. Malamina ya aiko yana tambayar ina aka kwana, na ce ina tattara bayanai.

Ranar arba'in, bayan wankan ƙarshe, Hajiya ta ce a ba ni wayar ni kaɗai. Ta sa mini albarka mai tsawo, ta haɗa da iyayena da digirin da ta ce ta ji ina yi. Sannan ta rage murya.

"'Yar nan, guga nawa kike sirkawa?"

Shekara goma sha ɗaya ban taɓa barin iska ba murya ba sai ranar.

"Na haifi yarinyar nan, na san ihunta na gaske. Ni biyu nake zuba wa yayyenta, in kakarsu ta fita tsakar gida. Kada ki gaya mata."

Ban gaya wa maƙwabciyata ba sai da aka yaye jaririyar.

Washegarin arba'in bayan la'asar ta shigo ɗakina da jaririya a kafaɗa, ta zauna a kan gadona, ta jawo littafi na shida daga kwalin da kanta. Na karanta har muka kai inda wata matar hakimi ta shiga ɗakin haihuwa aka toshe tagogi. Na juya shafi, na ce ta sauka lafiya, namiji.

"Miƙo," ta ce.

Na miƙa mata. Ta bi layin da yatsa a hankali, leɓenta na motsi, har ƙasan shafin. Ta duba na bayansa ma. Sannan ta mayar mini.

"To. Ci gaba."